Kaset ɗin Bello a Gonar Zauro

Bana shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar ƙanena Bello, kuma kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Aji huɗu na yi a firamare, amma a gidanmu ni ke ba da fatawa kan komi, daga ciwon ciki har siyasar duniya.

Sa'adda anka ba mu jiha, anka maido Bello daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ofis ba kujera, aiki ba kan gado. Lokacin ne ya sayi wata kwamfuta ta hannu wurin wani ɗan kudu mai shagon rediyo. Allo ce mai maɓallai, ana jona ta da talabijin, wasanninta kuwa cikin kaset suke, irin na waƙa. Ka sa kaset, ya yi ta ƙara kamar ana wasa wuƙa a kwano, ka jira har shayi ya huce, sannan wani ɗan abu ya fito yana cin ɗigo-ɗigo, ko jirgi yana harbin duwatsu. In wuta ta ɗauke, a koma farko.

Da ya gaji da na Turawa sai ya zauna haɗa nasa: masunci da gora da homa, ragar kamun kifi, yana bin giwan ruwa, irin na Argungu. Sau ɗaya ya nuna mani. Na ce, "Bello, wanga kifi ne ko kyankyaso?" Na kai wa majalisarmu ta hira labarin, ta daɗe tana cin dariyar. Magidanci guda, inji mu, yana wasan yara. Bai sake nuna wa kowa ba.

Ciwo ya ɗauke shi cikin damina. Wurin rabon gado anka tambaye ni, ni masanin gida, yadda za a yi da kwalin kaset-kaset ɗinsa. Na sa ɗaya a rediyo, na ji ƙara, na yanke hukuncin duk sun lalace. Shekarar nan tsuntsayen jan-baki sun addabi shinkafata a Zauro, sai na zare zaren kaset-kaset ɗin kaf, na ɗaɗɗaure kan sanduna faɗin gona, yana walƙiya, yana kuka in iska ta taso. Har yaba mani dabara anka yi. Rashin sani dai shi ya kwanar da kaza kan dami da yunwa.

Yau masu dariyar nan su ne duƙe kan waya a majalisa, suna wasan jera alewa masu launi, ko sallama ba su amsawa. Da Bello zai leƙo, ban jin zai rama. Bai iya ramuwa ba, shi ya sa munka samu damarsa.

Ɗiyarsa Asma'u tana goye ya rasu. Kwanan baya ta tono na'urar daga akwatin uwarta, ta sa anka gyara. Ashe har gobe akwai masu ƙirƙira mata sababbin wasanni a ƙasashen waje, suna kuma neman tsofaffin da mutane sunka haɗa a gida don adanawa. Ta kunna mani wani sabo, sannan ta ce, "Baffa, Inna ta ce kaset ɗin Baba na wurinka. Ban san muryarshi ba. Ina son in ga abin da hannunshi ya yi."

Na gaya mata inda sunka tafi. Abin da ya rage na Bello ke nan: na'ura mai rai, ɗiya mai neman uba, da tsoho ɗaya da ya ga aikin kuma bai tsaya ya duba ba.

Sai tsohon hali ya motsa. Na ce, "To ai aikin ubanki bai tafi banza ba, ɗiyata. Shekarar nan ko tsuntsu ɗaya bai sauka gonar ba."

Ta naɗe wayoyin na'urar a hankali, ta ce, "Ashe tsuntsaye sun fi ku, Baffa. Su da sunka ji, sun san akwai abu ciki."