Hannun Zuwaira da Karan Dawa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka turo mana Zuwaira ba, kuma tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, nata zan ba ku. Ku sababbi ku matso kusa, musamman masu kukan ba a ba mu kayan aiki.

Lokacin ina kine a sashen yara, nan Damagaram. Ga wanda bai san aikinmu ba, kine shi ne mai motsa gaɓoɓi bayan likita ya gama nasa. Idan wuta ta ƙone hannu, ciwon yakan warke, amma sabuwar fatar sai ta riƙa janyewa. In ba a miƙe yatsun kullum ba, sai su nannaɗe cikin tafi su zauna haka har abada. 'Yan watanni kawai muke da su kafin fatar ta yi tauri.

Bayan girbi ne aka kawo ta, daga wani ƙauye gaba da Mirriya, shekarunta ba su wuce shida ba. Tuntuɓe ta yi ta dafa kaskon man gyaɗa da uwarta ke suyar ƙuli-ƙuli. Hannun dama ne kuwa, na cin tuwo da gaisawa da riƙe alƙalami. Kakarta, Iya Hajo, ita ke shigowa da ita. Uban, Malam Sanda, a bakin ƙofa yake tsayawa yana kallon bango. Na tambaye shi sunan yarinyar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya ta sani." Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi magana, Iya Hajo ta taɓa ni.

"'Yar fari ce, 'yar nan. Ke a Turai aka haife ki?"

Na yi dariya na ja bakina. Mutumin nan bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba, bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, don haka ya tarar ana yi a gidansu.

Zuwaira ba ta yarda a taɓa hannun. Na yi lallashi, na yi waƙa, na ba da toshiyar alawa, ihu kawai take yi har na ɗakin gaba su leƙo. Abin da ya cece mu wani ɗan akwati ne da wata sitajiya, wato mai koyon aiki, ta bar mana kado, kyauta ke nan: tubalan roba masu launi, irin na 'ya'yan masu hali, waɗanda ake danna ɗaya kan ɗaya su kama. Da ta gan su ta manta da ni. Ta sa babban yatsa da manuniya tana dannawa, tana cije leɓe don zafi, amma ba ta daina ba. Aikin da nake nema ke nan. Matsalar ita ce sau ɗaya a mako suke iya zuwa, hannun kuwa kullum yake son aiki.

Na je wurin majo, shugaban ma'aikatan sarbis, wato sashenmu, wanda makullin kabad ke hannunsa, na roƙi a ara mata akwatin ta tafi da shi gida.

Ya ce, "Madam Rakiya, akwati ɗaya ne, yara kuwa ga su nan a layi. In na ba ta, gobe me zan ce wa sauran iyayen?"

Gaskiya ya faɗa, amma wannan bai hana ni buga masa ƙofa da fushi na fita ba.

Na yi wa Iya Hajo bayani, Malam Sanda yana ji daga ƙofa. Kafin in juya ya ɓace. Sai da la'asar ya dawo, ƙafafunsa fari fat, ashe shagunan Zango ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Madam, na same su a butik ɗin wani Alhaji Bakano. Na gasken, ko akuyata na sayar ba ta kai ba. Ya nuna mini na arha, amma ya ce ba zai cuce ni ba, ba su kamawa, kuma in sun fashe kaifi gare su. Ina da irin gyaɗa da na ajiye. Zan haɗa da shi."

"In ka sayar da iri, baɗi me za ta ci?"

"Ni dai in saya in ba Iya, ta ba ta."

Nan tausayinsa ya kama ni sosai. Kunya ta rufe masa duk wata hanya, ta bar masa wannan ɗaya: ya sayi abu, ya bi da shi ta hannun wani. Na roƙe shi kada ya taɓa irin, ya ba ni lokaci.

Na shiga nema. Na karɓo guntayen katako wurin wani kafinta a Birni, na goge su sumul. Na tara kwalayen ashana da murafan kwalba. Duka dai ɗorawa ake yi, ba dannawa ba, Zuwaira kuwa da wayo, sai ta ture su da tafi ko ta saci jiki ta sa hagu. A haka na ga ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa. Tsoro ya kama ni, don na san in suka tafi, sauran za su bi su.

Wata rana bayan na gama da ita na fita tsakar asibiti, inda masu jinya ke dafa abinci. Malam Sanda na zaune a gindin dogon yaro. Ya zaro karan dawa ɗaya daga makamashin matan, ya ɓare shi, yana yanka totuwar gunduwa-gunduwa, yana soka siraran ɓawon a ciki. Bai ma san yana yi ba, hannunsa ne kawai ya rasa aiki. Har ya haɗa ɗan gado. Sai na tuna yaran layinmu da motocinsu da tabarau na kara. Na tsuguna na ɗauki ɓawo ɗaya na soka a totuwa. Babban yatsa da manuniya, a matse, a danna. Motsi ɗaya ne da na tubalan roba.

Na ce, "Malam Sanda, akwai kara a gonarka?"

"Har jakuna sun gaji da shi, madam."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Karan ya zama busasshe mai tsabta. Kowane ɓawo sai an kankare kaifinsa, don sabuwar fata ba ta jure yanka. Yana karyewa, don haka kullum sai an fere sabo. Kuma dole wani ya zauna ya tabbatar da dama take yi. Iya Hajo ba ta gani sosai, hannunta yana rawa. Uwar yarinyar ga goyo, kuma an ce ko kallon hannun ta yi sai ta fashe da kuka.

"Saura kai," na ce.

Ya ce, "Madam, namiji da gemunsa, a gan ni zaune ina wasan kara da ita? Me mutanen gari za su ce?"

"Ka ce likita ce ta sa ka. Ban ce ka kira sunanta ba, ban ce ka ɗauke ta ba. Ka fere, ka miƙa."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Allah ya ba mu alheri." Kun san in mutum ya faɗi haka, yawanci an gama magana.

Ranar randebu, wato ranar da na sa musu su dawo, ba su zo ba. Ta gaba ma shiru. Majo ya ce na matsa wa bawan Allah har na kore shi. Ni ma abin da ke ci mini rai ke nan.

Sai ga su wata safiya. Malam Sanda ne a gaba, kuma bai tsaya a ƙofa ba. Riƙe yake da faifai, a kai gida ne sukutum na kara, da zaure, da ɗakuna, da rumbu, har da turken akuya. A cinyarsa ya riƙo shi cikin mota tun daga Mirriya. Na fara faɗan rashin zuwa, Iya Hajo ta tare ni tana dariya.

"Mai ginin ce ta ce ba ta zuwa sai an gama rufi, shi kuma ya goya mata baya. Da kin gan su! Bayan rumbu yake zama, ya juya mata baya, ya fere ya miƙo ta kan kafaɗa. In zai yi magana sai ya ce wa rumbun, a gaya wa mai gini da dama ake yi."

Na kama hannun na buɗe. Ƙaramin yatsan bai gama miƙewa ba, amma sauran sun kwanta a tafina. Wata dirka ta zaure ta zare a hanya, sai na miƙa mata na ce ta gyara in gani. Majo ya shigo, ga mutane sun taru a kanta, kunya ta kama ta, ta miƙo hagu.

"Zuwaira! Da dama!"

Kowa ya juya, ashe muryar ubanta ce. Malam Sanda ya kai hannun riga ya rufe bakinsa. Iya Hajo ta riƙe haɓa tana salati. Yarinyar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sauya hannu, ta matse dirkar ta danna ta har ta zauna. Shi kuwa ya koma wurin bangonsa, sai dai mun ga yana goge ido da hula. Ni ma ban ɓoye nawa hawayen ba.

Majo da kansa ya ɗora gidan a kan kabad, kusa da akwatin tubalan, ya zauna nan har gara ta cinye shi.

Kada ku ce na raina tubalan roba. Kaya ne masu kyau, in an ba ku ku karɓa da hannu biyu. Amma da Malam Sanda ya saya, da ya miƙa wa Iya ya koma ƙofa, kuma ba wanda zai ga lokacin da yarinyar za ta sa hagu. Tun daga nan, kafin in tambayi abin da za a saya wa yaro, sai in fara tambayar wanda zai zauna da shi. In kuma kuka ga wani uba a bakin ƙofa yana kallon bango, kada ku yi saurin cewa bai damu ba. Ku fita ku ga abin da hannunsa ke yi.