Ƙafar Kaza a Cikin Zumurrudu

Edilma Pachón ba ta taɓa mallakar zumurrudu ko ƙwaya ɗaya ba, amma waɗanda ta zana sun haura dubu uku. Shekara goma sha tara ke nan tana zaune a lungu ɗaya, a hawa na biyar na wani tsohon bene a titin Jiménez, tana zana wa dillalan Bogotá duwatsunsu a kwamfuta.

Zumurrudu dai ba ya shiri da kyamara. Ka ɗauke shi hoto, sai ya fito a mace kamar fasasshiyar kwalba. Shi ya sa ake kawo mata. Ta warware farar takardar da aka naɗe shi, ta juya shi a hasken taga, sannan ta dasa ɗigo, ta ja layi zuwa wani ɗigon, fuska bayan fuska, kore a kan kore, har ka rantse za ka iya tsince shi da yatsa. Zanen layi kuwa ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya dushewa.

Hoton mahaifinta shi ke dushewa. Guda ɗaya ne tak, kuma duk sanda ta ƙara girmansa sai fuskar ta watse, ta rasa ina ido ina hanci.

Eudoro sunansa, yana cikin masu wanke baƙar ƙasa a rafin Muzo suna neman zumurrudu, ko Allah zai sa a dace. Tana da shekara tara ya dawo da rana tsaka, ya tura ƙofa, ya tofo wani abu daga bakinsa, don a nan suke ɓoyewa. Ya ɗaga shi a hasken da ke shigowa ta hujin kwanon rufi.

"Duba da kyau, 'yata. Amma ko kare kada ki gaya wa."

Ta duba. A cikin koren akwai wata tsaga mai yatsu uku, sak ƙafar kaza, da baƙin ɗigo a dunduniyarta. Washegari ya kifa malafarsa, wadda ita da kanta ta ɗinke mata gefe da jan zare, ya kama hanyar garin Chiquinquirá zai sayar da dutsen. Tafiyar ke nan.

Uwarta har ta koma ga Allah magana ɗaya take yi: "Ubanki ya samu duniya ya manta da mu. Yana can bakin teku da wata." Edilma ba ta taɓa yarda ba, ba ta kuma da abin ƙaryatawa. Abin da ya ci ta ke nan shekara talatin da biyu: guduwa ya yi, ko tare shi aka yi a hanya?

To, a wannan sana'a aibin da ke cikin dutse lambu ake ce masa, kuma babu biyu masu lambu iri ɗaya. Tsohon hannu yana gane dutse da lambunsa kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro. Idan akwai dutse a gabanta, Edilma lambunsa take zanawa. Matsalar ita ce aikin da babu dutse, irin su allon shago da kalanda, inda mai shagon da take wa aiki, Don Arnulfo, zai ce, "Ki ɗan sa masa lambu daga kanki, kada ya yi kama da gilashi." Sai hannunta ya tafi shi kaɗai. Kafin ta farga, ga yatsu uku, ga baƙin ɗigo. Ta sha gogewa ta sake, ta ɗago kai ta tarar da ita ta dawo, tsigar jikinta ta tashi.

"Ke da kazar nan taki," in ji Don Arnulfo. "Ki kawo ta mu yanka mu sha romo, kowa ya huta."

Bara ma haka ƙafar kazar ta fita a kalandar shagon, a shafin watan Mayu. Wata Talata da hantsi sai ga wani tsoho ya hawo benen yana haki, shafin a nannaɗe a hannunsa. Don Belisario Quiroga ne, mai yankan duwatsu da ya daɗe da ajiye aiki. A gidan shan kofi ya ga kalandar.

"Ke kika zana wannan? Wa ya nuna miki dutsen?"

"Babu dutse, Baba. Daga kaina ne."

"Kada ki raina mini hankali, yarinya. Ni na yanke shi. Kwana huɗu ina kewaya ƙafar nan don kada ya dare biyu. Shekara talatin da wani abu, tun tuni ya ƙetare teku."

 Edilma ta ajiye alƙalaminta a hankali.

"Wanda ya kawo maka shi, dogo ne mai wushirya?"

"A'a. Samari ne biyu, da sababbin takalma."

"A ina suka samo?"

Tsohon ya kau da kai wajen taga. "A wancan zamanin ba ma tambaya, 'yata. Masu tambaya ba su tsufa ba. Ni kuwa kin ga na tsufa." Sai kuma ya murmusa. "Ɗayan dai ban manta shi ba, saboda malafarsa. Ta yi masa yawa, sai faɗo masa take a ido. Muka yi ta tsokanarsa, wai ga mai dutse irin wannan da tsohuwar malafa mai ɗinkin jan zare. Ɗinkin ma a karkace."

Edilma ta daɗe tana kallon shafin da ya shimfiɗa a teburinta. Abin da ta yi shekaru tana roƙon ta sani ga shi ta sani, ta rasa ko sanyi ta ji ko ciwo.

"Ɗinkin yarinya ne," ta ce. "Baƙin zaren ne ya ƙare mana."

Murmushin tsohon ya gushe. Ya juya ya sauka yana dafa bango. Shafin ma a nan ya bar shi.

Ranar Lahadi ta sayi furanni ta tafi maƙabarta. Ta ƙwanƙwasa dutsen kabarin uwarta sau uku, yadda ake yi don na ciki ya san an zo, ta kai bakinta kusa.

"Mama, ni ce. Ki daina fushi da shi. Bai manta da mu ba."