Goron Sunan Ɗiyar Yaya Kulu

Abin da na fara gani da na iso madafa a wannan safiyar, wanda har yau ban manta da shi ba, takalma ne. Sau-ciki ne na yadi, ƙasar hanya ta rina su ja, an jera su a bakin ƙofa. A cikin matan madafarmu babu mai irinsu. Na leƙa, sai ga baƙuwa zaune a kan turmi kife, da faifai a cinyarta, tana tsince tsakuwa daga cikin shinkafa kamar a nan ta saba wuni.

Wannan a farkon shekarun mulkin kai ne, zamanin Jihar Arewa. Ina aji shida a wata makarantar kwana ta En'e, wato hukumar gargajiya, a Tambuwal. Ku da kuka tarar da hutun haihuwa a rubuce, sai na yi muku bayani. Masu dafa mana abinci mata huɗu ne, kuma ma'aikatan kullum ne, wato ranar da mace ta yi aiki ita ake biyanta. Wadda ta ɗauke ƙafa ba tare da izini ba, sai a ɗauki wata a madadinta.

Ɗaya daga cikinsu yayata ce, Kulu, wadda ke riƙona. Mijinta leburan hanya ne, aikinsa sai da rani, don haka tukunyar makaranta ce ke ciyar da gidansu. Da cikinta na fari ya tsufa, ta koma gidanmu a Kebbe goyon ciki, kamar yadda ake yi. Ba ta nemi izini ba. A wurinmu mace ba ta ambaton cikin fari ko a gaban uwarta, balle ta tsaya gaban Hedimasta ta faɗa. Sauran matan ma nauyi ya hana su. Suka raba aikinta a tsakaninsu, ni kuma ina zuwa da sassafe in yi tankaɗe kafin a shiga aji. Kulu ta sauka lafiya, an yi suna, ta shiga wankan jego. Sai ga saƙo daga ofis cewa Kulu ta gudu daga aiki, ranar Litinin wata za ta kama.

Baƙuwar sunanta Malama Asabe. A da ma'aikaciyar asibiti ce a Gusau, daga baya ta koma yi wa ƙungiyar ƙwadago aiki, tana bin garuruwa wajen mata ma'aikata. Na lura ba ta kira taro ba. Na kuma lura tana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, irin na mai tuƙin tuwo. Ina jin shi ya sa Inna Mairo, shugabar madafa, wadda ba ta sakar wa baƙo fuska, ta zauna ta zayyana mata komai.

"To ku mi kunka ce ma Hedimasta?" in ji Malama.

"Mu ce mi?" in ji Inna Mairo. "Namiji na fa, kuma babba. In buɗe baki in ce mashi Kulu na da ciki? Gara in tuƙa tuwon makarantar ga ni kaɗai har in mutu."

"Ba ki mutuwa, Inna, sai kin ga jikokin Kulu." Matan suka yi dariya. Sai Malama ta juyo wajena. Ina bayan ƙyaure da rariya a hannu. "Wagga fa?"

Inna Mairo ta ce, "Ƙanwar Kulu ce, Nana. Ba ta magana, sai kallo."

"Mai kallo nika so. Nana, an aiko da goron suna daga Kebbe?"

Na ɗaga kai. Goro yana nan a ƙullin zanen Inna Mairo, an raba wa kowa a madafa, har da mai gadi.

"An kai ma Hedimasta nashi?"

Na girgiza kai. Ta ajiye faifan a hankali.

"Ashe mu munka yi mashi laifi. An haihu gidanshi, ba a kai mashi goro ba."

Ta zaɓi manya farare, ta wanke su, ta jera a ƙaramin faifai, ta rufe da ganye. Sannan ta miƙo mini. Ta ce goron suna ɗan gida ke kai shi, ba baƙo ba, kuma magana ɗaya kawai zan yi. Ni da ko a aji in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale.

"In kin kasa, ina bayanki," ta ce. "Amma ba ki kasawa."

Muka tafi mu uku, har da Inna Mairo. Hedimasta dattijo ne mai tsare doka, amma ba mugu ba. Yana rubutu muka yi sallama. Na durƙusa, na ɗora faifan a gefen teburinsa. Idona na kan ƙafar teburin, inda aka tokare ta da guntun kwali don kada ta yi rawa. Na ji tafin Malama a tsakiyar bayana, da ɗumi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "Yaya Kulu ta sauka. An samu ɗiya mace."

Ya ajiye alƙalami. Ya buɗe ganyen, ya ɗauki goro ɗaya, kafin ya yi wani tunani bakinsa ya riga shi: "Masha Allah! Allah shi raya, Allah shi ba uwa lafiya."

"Amin, ranka ya daɗe," in ji Malama Asabe. "To mai jego ce anka ce ta gudu."

Ya dubi goron da ke hannunsa, ya dube ta, sai ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Malama, kin ɗaure ni da goro."

Daga nan aka shiga maganar aiki. Ya ce dokar ba tasa ba ce, ta En'e ce, kuma shi abin da za a tambaye shi shi ne ko yara sun ci abinci. Malama ta tambaye shi ko tuwo ya taɓa makara tun tafiyar Kulu. Ya ce bai taɓa ba. Ta roƙi abu biyu. Na farko, a riƙe wa Kulu gurbinta har ta yi arba'in, matar da aka yi wa alkawari kuma a ɗauke ta ta riƙa surfe kafin nan, kada ita ma ta tashi a banza. Na biyu, daga yau mace mai ciki ta faɗa wa Inna Mairo, ita kuma ta zo ofis ta ce wance za ta je gida, ba sai an ƙara komai ba. Maganar biyan kwanakin jego kuwa, ta ce wannan ta fi ƙarfin ofishinsa, Sakkwato za ta kai ta, ko za ta ɗauki shekaru.

Ya juya goron a hannunsa. Can ya ce, "Inna Mairo, kina iyawa?"

"In dai 'za ta gida' ce kaɗai, ranka ya daɗe, ina iyawa."

Ya ce shi ke nan, Kulu ta dawo bayan arba'in.

Daga baya na yi shekaru ina koyarwa, na kuma wakilci malamai mata a wurare da dama. Amma a ranar goron nan na koyi cewa sau da yawa haƙƙin mace ba hana ta aka yi da gangan ba, hanyar da za ta nema ce ba a buɗe mata ba. Mai aikin ƙungiya kuma sai ya san nauyin da ke bakin mutanensa kafin ya ce su yi magana.

Da muka koma madafa, Malama ta ƙarasa tsince shinkafarta, ta wanke hannu, ta zauna a bakin ƙofa tana sa takalmanta. Na ji tana faɗa wa Inna Mairo gobe Asabar za ta bi motar kasuwa zuwa Kebbe, wajen matan da ke ɗebo ruwa a ɗakin shan magani, za ta biya ta yi wa Kulu albishir. Na tsaya a gefenta ina murza bakin zanena. Har ta miƙe, sannan na kama gefen mayafinta.

"Malama," na ce, "don Allah ki tai da ni. Ina son in faɗa ma Yaya da bakina."