Ɗakuna Huɗu a Kan Binuwai

Jirgin da ƙanina ya ɗauko haya don kai mahaifiyarmu garinsu ya zauna a kan yashi daura da Damare, ko awa ɗaya bai yi da tashi ba. Na san haka za ta faru tun saura wata biyu. Ban faɗa wa kowa ba.

Ni ne ɗan fari. Ban yi makaranta ba. Tun ina yaro nake cikin kogin Binuwai, na fara da fito, na koma haƙar yashi. Sau biyu kwalekwale yana kifewa da ni. A na biyun mu shida ne a ciki, ni kaɗai na fito. Yatsuna biyu na hagu igiya ce ta cinye su. Ƙanina shi aka sa a makaranta. Ya gama, ya samu aikin ofis, ya gina gida a Demsawo, ya ɗauki mahaifiyarmu ya kai ta can. Dada muke ce mata.

Dada ba ta taɓa kiran sunana ba. Haka ake yi wa ɗan fari a wajenmu. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani, ni ma na sani. In na je gaishe ta sai in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana duban bango. In tana so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Ki zuba wa mutumin nan." Ƙanina kuwa kai tsaye yake shiga ya zauna a bakin gadonta, ya sa hannu a kwanonta, ta buge hannun tana dariya. Shekara hamsin ina kallon wannan daga bakin ƙofa. Sanin dalilin bai taɓa rage mini komai ba.

Garinsu Dada yana can saman kogi, gab da iyakar Kamaru, a bakin ruwa. Hanyar mota ba ta kaiwa, sauran tafiyar sai babur, ita kuwa ciwon ƙugu ya hana ta zama mai tsawo. A can iyayenta suke kwance, kuma akwai ƙanwarta guda da ta rage da rai. Abin da take so ke nan ta gani kafin ta mutu, ba ta da wata magana sai wannan. Na sha cewa zan kai ta a kwalekwalena, in shimfiɗa mata katifa. Ƙanwata nake faɗa wa, ita ta isar. Shekara ta zo ta wuce, ban yi ba.

A daminar wannan shekarar wani ɗan kwangila ya sayo jirgin ƙarfe daga garuruwan ƙasan kogi, aka hau da shi Jimeta a kan babban ruwa. Fari ne, da ƙananan ɗakuna huɗu a cikinsa, kowanne da gado da taga. Ana ba da shi haya. Ƙanina ya hango shi daga kan gada, ya sauka ya shiga ya duba, ya fito da shawara: kwana uku, zuwa da dawowa, duk gida, Dada tana kwance a kan gado har ƙofar garinsu.

Ya tara mu a falonsa wata Asabar, aka fito da Dada aka kwantar a doguwar kujera. Ya zana gida huɗu a takarda.

"Hamma, matso ka ga gininmu," in ji shi. Hamma yake ce mini, wato yaya.

Ɗakin farko, wanda ya fi nisa da inji, na Dada ne da ƙanwarmu. Na biyu shi da matarsa.

"Bango ɗaya da Dada," ya ce. "Ko tari ta yi zan ji."

"Kai da minsharinka ai ita za ta ji ka," in ji ƙanwata.

Na uku na yara. Matarsa ta ce yara shida a wannan akurkin za su fasa jirgin kafin a kai. Ya ce to a bar nata uku a gida. Ta ce a bar shi dai. Suka yi ta yi. Ni ina duban gida na huɗu. Ba na karatu, amma na san siffar sunana a takarda, kuma abin da ya rubuta a ciki ba shi ba ne. Ɗakin na wata nas ce maƙwabciyarsu, Kirista daga wajen Numan, wadda take yi wa Dada allura, ita da 'yarta.

Ƙanwata ce ta ce, "Hamma fa?"

"Hamma da ɗaki? Mutumin da ya tsufa a kan ruwa za ki kulle a akwati? Sama zai hau wajen matuƙi, ya sha iska, ya nuna masa hanya."

Aka yi dariya. Dada ma ta yi. Ta ce wa bango, "Mutumin nan ko an sa shi a ɗaki, waje zai fito."

Gaskiya suka faɗa. Da an ba ni ɗakin, da kaina zan bar wa nas ɗin, don ta fi ni amfani ga Dada. Amma ban samu na bari ba. An raba ɗakuna huɗu a kan kogin da na ƙare rayuwata a ciki, shi yana jikin bangonta, ni ina kan rufi da baƙon matuƙi.

Sai aka zo kan rana. Hutunsa na ofis sai tsakiyar Nuwamba. A lokacin muna cikin Satumba, ruwa ya cika har yana lasar gonakin bakin gaɓa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Hamma, ruwa zai kai lokacin?"

Duk wanda ya ci abinci daga Binuwai ya san amsar. Da zarar mutanen Damare sun fara dasa masakwa, dawar rani, a inda ruwa ya janye, babban jirgi ya gama tafiya sai baɗi. Daga kan gada kogin zai ci gaba da nuna faɗi har wata guda bayan haka, mai mota ya wuce ya ce akwai ruwa. Ƙasa kuwa yashi ya riga ya taso. Kuma na riga na je jikin jirgin nan da gorar tuƙina na auna. Ruwan da zai ɗauke shi sai ya kai mini ƙirji.

Da na ce a tafi cikin sati biyu, Juma'a zuwa Lahadi, da ya ji. Bai taɓa yi mini gardama a kan ruwa ba.

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ya ce amin, ya rubuta ranar a ƙasan takarda.

Wata biyu ana shiri. Matarsa ta sayi zannuwan gado kala huɗu, kowane ɗaki da nasa. Ƙanwata ta yi dambun nama ta cika gwangwani. Dada ta sa aka ɗinka wa ƙanwarta atamfa, aka sayo goro, kullum sai ta sa an kwance ƙullin ta shafa an sake ɗaurewa. Ta fara cin abinci sosai. In na je gaisuwa sai in tarar da ƙanina a bakin gadonta yana nuna mata takardar nan, ga ɗakinki, ga tagarki, ta nan za ki ga gari. Ita kuma tana sa masa albarka. Ina durƙushe ina ji.

Kowace safiya ina ganin ruwa yana sauka a jikin ginshiƙin gada. Matuƙin jirgin baƙo ne, mutumin ƙasan kogi, bai taɓa ganin ranin Yola ba. Wata rana ya tare ni a bakin ruwa.

"Baba, ruwan nan yana gudu fa."

"Haka yake yi."

"Sama akwai hanya?"

"Muna wucewa kullum."

Ba ƙarya na yi masa ba. Kwalekwale yana wucewa.

Abin da nake so ba ɓoyayye ba ne a wajena. Ina so farin jirgin nan ya ji kunya a gaban kowa, a rasa yadda za a yi, a juyo wajena. Na toshe duk wata kafa a kwalekwalena na shafe da kwalta. Na saro gora na yi masa rumfa, na rufe da zana, na ajiye a wajen wani abokin aikina. Ina ganin ni ne zan kai ta, tana kwance a gabana, babu bango tsakaninmu da za ta duba.

Ranar ta zo. Da hantsi aka loda kaya. Aka ɗauko Dada a kujera aka shigar da ita ɗakin farko. Na leƙa sau ɗaya. Tana kwance a kan sabon zani, ƙullin goron a kusa da kanta, tana duban taga, ƙanina yana gyara mata filo. Na hau sama.

Muka tashi. Yara suna ihu suna ɗaga wa masu wanki hannu. Na tsaya kusa da matuƙi ina nuna masa hanya, kuma hanyar gaskiya na nuna masa, inda ruwa ya fi duhu. Ban sa shi a yashi da hannuna ba. Daura da Damare babu sauran hanya, daga wannan gaɓa zuwa waccan ruwan ya yi fari. Ƙasan jirgin ya goga sau ɗaya, ya sake gogawa, ya zauna. Na ji kwanuka sun zube a ƙasa.

Matuƙi ya ja baya, inji ya yi ta kuka yana tayar da laka. Maza muka shiga ruwa muna turawa, ƙanina da wandonsa na fita, ruwan iya ƙugu. Har azahar muna abu ɗaya. Masu masakwa suka bar aiki suka jeru a gaɓa suna kallo. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, ku kashe inji ku dawo baɗi."

Na aika aka kawo kwalekwalena. Bai iya matsowa jikin jirgin ba saboda tudun yashi, ya tsaya kamar taku goma. Nas ɗin da ƙanina suka sauko da Dada a hankali, ni ina tsaye a ruwa, na karɓe ta a bayana. Tun da na yi wayo jikina bai taɓa nata ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙafafunta suka shiga ruwa. 'Yar bakin kogi ce, ta daɗe a cikin ɗaki ne kawai ba ta san inda wata ya kai ba. Ta dubi gaɓa, ta ga masu dashe.

Ta yi magana a kunnena da Fulatanci, a hankali.

"Wannan ruwan masakwa ne."

Na ci gaba da tafiya.

"Ɗan ofis bai sani ba. Baƙon nan bai sani ba. Kai fa?"

Wannan ne karo na farko da ta ce mini kai.

Na ce, "Ga kwalekwale, Dada. Na yi masa rumfa, akwai katifa. Yanzu ma sai mu wuce, gobe da yamma muna can."

Na kwantar da ita a ciki. Ta ɗaga hannu ta taɓa zanar rumfar, ta shafa kwaltar da ta riga ta bushe. Ta daɗe tana shafawa.

"Yaushe ka yi?"

Na sunkuya na ɗauki gora.

"Mai da ni gida," ta ce.

Na mai da ita. Ƙanina yana zaune a gefenta ya riƙe mata hannu yana ba ta haƙuri, ni ina baya da gora.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙanina ya ɗauki laifin duka ya ɗora wa kansa. Ya bi kowa yana neman gafara, har ni. Ya ce, "Hamma, na sa ka wahala a banza." Ya ce in Allah ya kai mu Agusta za a sake, ko da hutu ko babu, kuma wannan karon ni zan sa rana. Dada ta ce to. Ta sa aka raba goron ga maƙwabta kafin ya lalace. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, ta ci gaba da amsawa tana duban bango, sai dai ta daina cewa a zuba wa mutumin nan. Ƙanwata ce take zubawa da kanta.

Ta rasu da bazara, ruwan farko bai sauka ba, kanta a kan cinyar ƙanina. Wajen zaman makoki mutane suna ta cewa ya yi ƙoƙari, har jirgi ya ɗaukar mata, Allah ne bai nufa ba. Yana kuka a gaban kowa ana dafa shi. Ko wannan kukan na yi masa hassada, don ni ban iya yin irinsa ba.

Yanzu ina Vinikilang, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Gwiwa ta hana ni yashi. Ina gyaran kwalekwalen mutane a ƙarƙashin gada, daga safe zuwa la'asar. Ƙanina yakan biyo bayan sallar Juma'a ya zauna a kan kututture mu gaisa. Har yau bai sani ba.