Ranar da Inna ta ji an ba Kaza lamba

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na wajen Tawa na kawo ta Arlit. Ba ta daɗe ba ta ɗaure kayanta. Wai garin ba mai gaishe ta da sunanta, kowa kamfani ya sani, in sa ta a kar, wato motar fasinja, ta koma. Ni kuwa hankalina ya tashi, don can ba kowa a gidan.

Lokacin sanyi ne. Muna tsakar gida bayan magariba, ta ɗaga kai gabas ta dubi taurari ta ce, "Kai, ga Kaza da 'ya'yanta. Ita kaɗai na sani a garin nan."

Maimakon in yi shiru, sai iyayi ya motsa. Na zaro waya na buɗe manhajar taurari na auna sama, na ce, "Inna, masana M45 suke ce mata." Har da bayani, wai M ɗin farkon sunan wani Bafaranshe ne da ya jera irinsu, ita ce ta arba'in da biyar.

"Ta arba'in da biyar? Su wa ke gabanta?" Ta tafa hannu. "Kai sun ba ka lamba a wurin aiki, Kaza ma ba su bar ta ba? Gobe zan tafi!"

Na ce shi ke nan, na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Ashe maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Gugaram, tana jin mu ta katanga. Ta leƙo tana dariya: "Wace kaza, Hajiya? Mu 'yan matan dare muke ce musu."

"'Yan mata? A'a, baiwar Allah, zagayo ki faɗa mini a gabana."

Ta zagayo da butar shayinta. Suka yi ta musu har aka kira isha, ba wadda ta ƙara kallon wayata.

Da safe na tambayi Inna maganar kar. Ta ce, "Wace kar? Matar nan ta ce akwai wani tauraro wai shi jagora, ban yarda ba sai na gani."

Har yau Inna tana nan tare da mu, kuma raina fes. Na san taurari da yawa da lambobinsu yanzu, amma a gabanta ba na faɗi. In Kaza ta fito, sai dai in ji ta ƙwala wa maƙwabciya kira: "Fito, 'yan matanki sun zo!"