Mai Gyaran Gawa a Gaban Alƙali

Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa a unguwar Bantama ta Kumasi cikin shekara ashirin ɗin nan ya san Maame Afrakoma, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai ƙaramin akwatin ƙarfe, wadda ke shiga ɗaki ranar Juma'a idan an ɗauko gawa daga firij, ta turo ƙofa, ba ta fitowa sai ta mayar da mamaci mutum. Gawar da ta yi wata huɗu cikin sanyi tana jiran dangi su gama gardama ba ta fitowa da kyan gani. Afrakoma ce ke cusa auduga a kumatun da suka lotsa, ta shafa hoda, ta rina furfura, ta ɗaura zane. Da safiyar Asabar masu makoki su yi layi suna kuka, suna cewa, "Wayyo, kamar barci yake yi!" Ita kuwa tana can bayan gidan makokin tana wanke hannu da lemon tsami, kuma a cikin masu yabon nan babu mai yarda ya ci kwano ɗaya da ita.

Wajen gwaggonta ta gaji sana'ar, a Offinso, tare da karatu guda ɗaya wanda ya zauna mata a ƙashi: mutum ya yi talauci, ya yi cuta, ya mutu, duk ba komai, amma kada a gan shi a wulaƙance. A garin nan da kunya gara mutuwa, kowa da haka aka yaye shi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ƙyamar hannunta ba, shi ne Yaw Bonsu mai walda a Magazin, inda ake gyaran manyan motoci. Dogo ne, mai dariya kamar ana buga ganga. Ya aure ta duk da gunagunin danginsa, kuma yakan zaune ya miƙa mata lomar fufu yana tsokana: "Ke dai ranar da na faɗo hannunki, ki sassauta hodar nan. Kada 'yan Magazin su zo su ce an yi mini kwalliyar amarya."

Shekara biyu da suka wuce yana ƙarƙashin wata motar katako yana liƙe mata ƙarfe, sarƙar da ta ɗaure gungumen ta tsinke. Bai mutu ba. Likitoci suka cire wani yanki na ƙashin kansa ta dama, wurin ya lotsa kamar gefen tsohon kwano. Hannun hagu ya shanye, kuncin hagu ya zubo, ƙafa sai ja. Ga farfaɗiya, ga fitsarin da ba ya sallama. Maganarsa ta tafi, abin da ya rage masa gaisuwa ce kawai, don ita tana can ƙasan da gungume bai kai ba. Ka ce masa yaya jiki, ya ce maka, "Da ikon Allah, lafiya lau, kai fa?" tsaf kamar da. Ka ƙara tambaya ta biyu, sai ya zuba maka ido.

Duk wannan babu wanda ya sani sai ita. Maƙwabta sun san Bonsu ya ji ciwo, ana ganinsa a baranda da yamma cikin wankakken zane yana amsa gaisuwa, ana cewa Allah ya yi abin mamaki. Tsummokaran kuwa cikin ɗaki take shanya su.

To amma a al'adar ƙabilarsu ta Asante matar mutum ba danginsa ba ce. Namiji na dangin uwarsa ne, da ransa da gawarsa. Saboda haka da aka shigar da ƙara kan masu motar da kamfanin inshorarsu, wanda aka rubuta a matsayin wakilin Bonsu shi ne Wofa Amankwa, ƙanen mahaifiyarsa, tsohon dillalin koko mai zoben zinariya a yatsu uku. Cikin shekara biyun nan sau huɗu ya zo duba ɗan 'yar'uwarsa, kuma bai taɓa wuce baranda ba.

Zuwa na biyar ranar Lahadi ne bayan coci. Ya zauna, aka ba shi ruwa, aka tambaye shi abin da ke tafe da shi kamar yadda ake yi.

"Alheri ne," in ji shi. "Mutanen inshora sun sauko. Mun daidaita."

"Nawa, Wofa?"

"Ji mata! Nawa. Ke da kuɗi kamar kaza da tsaba." Ya faɗi adadin yana kallon zobensa. Ko maganin farfaɗiya na shekara uku ba zai saya ba. "Likitansu ya rubuta cewa yaron ya samu sauƙi, kuma ai gaskiya ne, ga shi nan ƙato da shi. Yaw! Yaya jiki?"

"Da ikon Allah, lafiya lau, kai fa?"

"Kin ji ko? Abin da ya rage ba na asibiti ba ne, hannun mutane ne a ciki. Da an sa hannu a takarda zan kai shi dutsen addu'a, wajen annabin nan na hanyar Mampong. Wata uku ya dawo yana walda. Ke ma ki huta, ki koma wa matattunki."

Ta san dutsen, ko da yake ba ta taɓa hawansa ba. Sau biyu ana kawo mata mutanen da suka sauko daga can a kwance, kuma ita da hannunta ta sa musu safa mai kauri don rufe shaidar sarƙa a idon sawu. Ɗayansu da ta ɗaga shi bai fi nauyin ɗan akuya ba, azumin dole ya cinye shi.

"Wofa, ba zai iya azumi ba. In bai sha magani ba..."

"Da kika zo gidanmu da shi kika zo, ko a nan kika same shi?" Ya miƙe yana gyara zane. "Ranar Alhamis alƙali na son ganinsa. Minti biyar ne, in ji lauya. Ki kawo shi da kyan gani, kada ki kunyata mu."

Dokar ƙasar nan tana da wani abu guda mai kyau, in an bi ta. Mutumin da hankalinsa ya taɓu, ba ya iya cewa na yarda ko ban yarda ba, wakilinsa ba shi da ikon rufe maganar diyyarsa shi kaɗai. Sai alƙali ya duba, ya gamsu cewa sulhun ya dace da mai ciwon, sannan ya sa hannu. In ya sa, ƙofa ta rufe ke nan har abada, ko gobe ciwon ya ninka. Afrakoma ta fahimci wannan sarai. Inda ta ɓata lissafi shi ne abin da ya kamata alƙali ya gani. A nata tunanin, idan aka ga Bonsu fes, a ƙoshe, za a ce matar nan tana riƙonsa da kyau, a bar mata mijinta. Kuma ko ba haka ba, ta yaya za ta fito da shi bainar jama'a yana dalalar da miyau? Ni dai ban ga laifinta ba, ko da yake raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna.

Da safiyar Alhamis ta buɗe akwatin ƙarfen a ɗakin kwanansu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi masa wanka, ta ɗaura masa ƙunzugu biyu. Ta cike ramin kansa da auduga, ta liƙa gashi a kai, ta rina shi baƙi ya saje da sauran. Ta bi tabon da hoda. Ta naɗe 'yar auduga ta tura a kuncin hagu har fuskar ta daidaita. Sannan ta ɗauko zanensa na fita kunya, ta yafa masa a kafaɗar hagu yadda maza ke yi, ya rufe shanyayyen hannun ruf, ta kama shi da fil daga ciki. Ta ja baya ta dube shi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, irin kyan da ta sani. Yana zaune shiru bai motsa ba, kamar sauran da ta saba gyarawa.

Sun isa kotu da wuri, ta zaunar da shi tun kafin kowa ya ga tafiyarsa. Wofa ya zo da dattawan dangi uku, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Kai, matar nan hannunki da albarka. Ashe har masu rai kina yi wa."

Mai shari'ar mace ce, dattijuwa, gilashinta a kan karan hanci. Lauyoyin biyu, na dangi da na inshora, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna Turanci, bakinsu ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya. Ta juya takardu, ta daɗe a kan rahoton likita, sannan ta ɗago ta yi wa Bonsu magana da harshen gida, tana kiransa Agya, wato baba.

"Agya Bonsu, yaya jiki?"

"Da ikon Allah, lafiya lau, ke fa?"

Aka ɗan yi dariya a ɗakin. Ita ma mai shari'a ta murmusa. "Ni ma lafiya. Na ga ana kula da kai." Ta dubi lauyan inshora. "Abin da na gani ya yi daidai da abin da likita ya rubuta."

Ta cire murfin alƙalaminta.

A nan ne Afrakoma ta gane abin da ta yi. Garin gyaran gira ta tsokale ido. Shekara biyu tana rufa wa mijinta asiri, yau ta ɗauko rufin ta miƙa wa masu son kai shi dutse, har da fil.

"Maame, ni ce matarsa!" Afrakoma ba ta san ta miƙe ba sai da ta ji muryarta tana yi wa mai shari'a kiran uwa.

"Zauna!" in ji Wofa ƙasa-ƙasa. "Mai girma, wannan ba dangi ba ce, aure ne kawai."

"Baba, a ɗakin nan ni ke cewa a zauna," in ji mai shari'a. "Ke, ina jin ki. Yaya yake a gida?"

Afrakoma ta dubi mijinta. Ta ce me? Ga shi zaune kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, ga takardar likita, ga dattawa huɗu. Wa zai yarda da bakin mai gyaran gawa? Abin da ta iya a duniya da hannu ta iya shi.

Ta je gabansa. Ta sa yatsa a bakinsa ta zaro audugar, kuncin ya zubo, miyau ya biyo baya. Ta kama gashin da ta liƙa ta ɓamɓare, ta kwashe audugar, ramin ya bayyana, fatar wurin tana ɗan harbawa. Wata mata a baya ta yi ƙara. Ta cire fil ɗin, ta sauke zanen har ƙugu, ga hannun nan a ƙanƙance, a lanƙwashe, ga bakin ƙunzugu ya leƙo. Tana yi tana kuka.

"Ki tambaye shi sunan garin nan, Maame. Ki tambaye shi yau wace rana."

Mai shari'a ta tambaya. Bonsu bai dube ta ba. Yana kallon jikinsa, yana kallon mutanen da suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Da hannunsa mai lafiya ya shiga lalubar zanen yana son ja sama, zanen yana zamewa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda Afrakoma ba ta taɓa ji ba, ko ranar gungume. Ashe kunya ma tana can ƙasan tare da gaisuwa.

Mai shari'a ta mayar da murfin alƙalami. Ta ce ba za ta amince da wannan sulhu ba. Likitan da kotu ta zaɓa zai duba shi, a dawo bayan mako shida, kuma a ranar za ta duba ko wakilin nan ya cancanci ci gaba da wakilci. Kafin nan kada wanda ya fitar da mai ciwon daga gidan matarsa, ko zuwa ina ne. Ta faɗa da Turanci, ta maimaita da harshen gida tana kallon Wofa.

A waje, ƙarƙashin bishiyar da masu buga takardu ke zama, Wofa bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Afrakoma tsoro ke nan.

"Kin tuɓe mana ɗa a kasuwa," in ji shi. "Mako shida ba shekara shida ba ne. Dangi za su zauna kan aurenki, mu ga ko alƙali ne ya karɓi giyar ɗaurin auren."

Ta juya wajen Bonsu don ta gyara masa zanen kafin su nemi mota. Tana kai hannu kafaɗarsa ya zabura, ya ture ta da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Ya ja ƙafa, ya ja, har ya kai bayan kawunsa, ya damƙe gefen zanen tsohon ya ɓoye fuska.

Sai da ɗan sandan kotu ya zo ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, aka sa shi a tasi kusa da ita. Tun daga kotu har Bantama yana manne da ƙofa, fuskarsa a waje.

Da yamma ta daka fufu mai laushi, ta yi miyar kifi, ta ɓoye ƙwayar maganinsa a lomar farko kamar kullum. Ta durƙusa a gabansa.

"Maigida, yaya jiki?"

Bai amsa ba. Ta kai lomar bakinsa, ya datse haƙora, ya juya wa bango. Lokacin maganin ya yi, ya wuce, tana nan durƙushe da loma a hannu.