Magdalene da Rariyar Habi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. Sai dai wagga ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

Shekara ashirin da wani abu, kullum da hantsi Magdalene mutuniyar Zuru za ta share ƙofar ɗan asibitinmu na Marnona, ta fito da sikeli ta aje gindin bedi, wato dogonyaro, tana auna masu ciki da jarirai. Bana ta aje aiki, shi ya sa nika son in yi maganarta tana ji.

Bara waccan Lawwali, ɗan ƙanena mai noman rani da ruwan dam, muryarshi ta dushe wata ukku. Likitocin Sakkwato sunka ce ciwon dajin maƙogwaro ne, sunka fara gasa wurin da na'ura. Sati biyu da fara gashin, wurin ya yi gyambo, ko miyau bai iya haɗewa. Likita ya ce in ya ci gaba da ramewa, dole a tsai da gashin. In an tsaida kuwa, ciwon ya samu sarari. Ni kaina tuwo ya daina shiga bakina.

Habi matarshi ta ji ana cewa akwai abin da ke tsare jiki daga ɓarnar gashi, wai yana cikin tafarnuwa. Mu da tafarnuwa ke cike da gona! Ta daka ɗanya, ta matse, ta ɗura mai, ta bi da ƙwayoyin gina jiki kala ukku na kasuwa. Bawan Allah sai hawaye, ba muryar cewa a bari.

Magdalene ta shigo, wari ya tarbe ta.

"Habi, miji kike jinya ko kilishi kike haɗawa?"

"To mi zan yi, Sista? Cewa anka yi tana tsare jiki."

"Ba bisa gyambo ba, ƙanwata. Ɗauko rariya."

Ta ƙulle ƙwayoyin a leda, ta ce sai likita ya gani, don akwai wadda in ta yi yawa har ciwon take tsarewa daga gashin. Ta dafa zogale da kabewa da karas lugub, ta tace, ta dama cikin kunun gyaɗa, ta bari ya huce. Cokali guda, a huta, cokali guda.

Duk Assabar in ya dawo gida daga Sakkwato, ta ɗauro sikelin bisa mashin ta auna shi. Mu tsaya cirko-cirko. Kilo arba'in da tara. Wani satin, arba'in da takwas. Habi ta dafe bango. Da sati ya sake zagayowa, arba'in da takwas dai, bai sauka ba.

Ke ce, Magdalene, mai haƙurin cokali. Ba danginki ba ne, ba ma lokacin aikinki ba ne. Mun gode, Allah shi saka. Ku masu jinya, ku yi koyi da ita, ku tambayi likita kafin ku ɗura.

Likita ya bar ƙwaya ɗaya, ya hana biyu. Lawwali ya gama gashin, yana magana ƙasa-ƙasa, kuma duk wata ukku sai ya koma a duba shi, ba su sallame mu ba tukuna. Habi na koya ma wata mai jinya 'yar ƙauyen Tursa tace kunu. Magdalene na gidanta tana kiwon awaki.